Yadda ake feɗe babbar lamba har wutsiya: jagora da misalin 1,267,000

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya same ni a zauren gidanmu da ke Zango da kayensa na labarin ƙasa. A shafin da ya buɗe an rubuta cewa faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Na ɗora yatsa a kan lambar na ce, "To, me ka sani game da wannan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai babba ce." Abin ya taɓa ni, domin amsar da ni ma zan bayar ke nan lokacin ina kamarsa. Mushen da ya koya mana lissafi yakan rubuta ƙa'idoji a allo mu haddace, ba a taɓa gaya mana dalilinsu ba, shi ya sa muka tashi muna tsoron duk lambar da ta wuce ƙwaya huɗu. Abin da na nuna wa yaron nan a yammacin, da ƴan kwanakin da suka biyo baya, shi zan shimfiɗa a nan. Ka tanadi takarda da bik. Kalkuletar salula za ta yi amfani, amma sai can gaba.

Mataki na farko: karanta ta da baki

Ka raba ƙwayoyin lambar uku-uku daga dama. A lakkol ana barin fili tsakaninsu, a littattafan Hausa ana sa waƙafi, duk ɗaya ne. Tamu ta kasu 1, sai 267, sai 000, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin da bakwai. Ƙwayoyinta bakwai. Sannan ka dubi ƙwayar ƙarshe: in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, lambar cika ce, in ba haka ba mara ce. Tamu cika ce.

Mutumin Damagaram yana da wata riba a nan wadda bai san yana da ita ba. Je ka Kasuwar Dole ka ce wa mai hatsi sefa 1,267,000, nan take zai ce maka jika dubu da ɗari biyu da sittin da bakwai. Ya raba da 1,000 ke nan ba tare da takarda ba. In kuma da dala ya lissafa, ya raba da 5, ya samu 253,400. Wannan cire sifiran da komawa ga 1,267 shi ne rabin aikin da ke gabanmu.

Mataki na biyu: gwada ƙananan masu rabawa ba tare da ka raba ba

Abin da muke nema shi ne lambobin da ke raba tamu daidai, babu saura. Akwai alamomin da ake ganewa da ido.

Don 2 da 5, ƙwayar ƙarshe ta isa. Don 4, dubi biyun ƙarshe, don 8 kuma ukun ƙarshe. Dalilin shi ne 100 yana rabuwa da 4, kuma 1,000 yana rabuwa da 8, saboda haka duk abin da ke gaban waɗannan ƙwayoyin ya riga ya rabu, wutsiyar kaɗai ce abin tambaya. Tamu ta ƙare da sifiri uku, don haka 2, 4, 5, 8, 25 da 125 duk sun shiga.

Don 3 da 9, tara ƙwayoyin: 1 da 2 da 6 da 7 sun ba da 16. Sha shida ba ta rabuwa da 3, ba ta rabuwa da 9, to tamu ma haka. Har saurar ma tana fitowa: 16 a raba da 9 saura 7, kuma 1,267,000 a raba da 9 saura 7 ɗin ne. Yaron ya ce, "Kawu, wannan kamar siddabaru." Na ce masa ba siddabaru ba ne. Goma tara ce da ɗaya, ɗari casa'in da tara ne da ɗaya, dubu ɗari tara da casa'in da tara ne da ɗaya. In kana da buhu shida kowanne da ƙwallo dubu, ka jera su tara-tara, kowane buhu zai bar maka ƙwallo ɗaya, shida ke nan. Waɗannan ragowar ne kake tarawa in ka tara ƙwayoyin lamba.

Ga wadda na fi so, domin tana kashe tsuntsu uku da dutse ɗaya. Lambar 1,001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Ka ɗauki rukunan nan na uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 000, a ɗebe 267, a tara 1. Abin da ya rage 266 ne, kada alamar bashin da ke gabansa ta dame ka. Yanzu gwada 266 kaɗai. Da 7, sau 38 cif. Da 11, saura 2. Da 13, saura 6. Ke nan 7 tana raba 1,267,000, amma 11 da 13 ba sa raba ta.

Mataki na uku: sauke ta zuwa lambobin asali

Lambar asali ita ce wadda ta fi 1 kuma babu mai raba ta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka har abada. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Iklidis na Iskandariya ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. Kowace lamba da ta fi 1, ko dai ta asali ce, ko kuma ninkin lambobin asali ce, kuma ta hanya ɗaya tak. Ko ta ina ka fara tsaga ta, tubalan da za ka tarar a ƙarshe su ne dai.

Ja layi a tsaye a takardarka, lambar a hagu, mai rabawa a dama. Ka fara da 2: 633,500, sai 316,750, sai 158,375. An yi sau uku, ta koma mara. Sai 5: 31,675, sai 6,335, sai 1,267. Nan ma sau uku. Sai 7, ka samu 181.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wasu suna tsayawa su ce 181 ta asali ce don kawai ta yi musu kama da haka, wasu kuma suna ta gwaji har 180. Duka biyun kuskure ne. Ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta wuce 181: 13 sau 13 169 ne, 14 sau 14 196 ne. To iyakar gwajinka 13. Dalili kuwa, in 181 ninkin lambobi biyu ce, ba zai yiwu dukansu su fi 13 ba, domin da sakamakon ya kai 196 ko fiye. Mun gwada 2, 3, 5, ba su shiga ba. Da 7 saura 6, da 11 saura 5, da 13 saura 12. Yanzu kam muna da hujjar cewa 181 ta asali ce.

Ga abin da muka samu: 1,267,000 = 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 7 × 181. Zan riƙa cewa 2 tana da hawa uku, 5 hawa uku, 7 da 181 hawa ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake faɗin bene. Ka rubuta wannan layin da kyau ka kewaye shi, domin daga nan gaba kusan duk tambayar da za a yi maka, shi zai amsa.

Kafin ka wuce, binciki kanka da gwajin tara da ake koyarwa a firamare. 7 sau 181: ƙwayoyin 181 sun taru 10, su kuma 1. 7 sau 1 bakwai. Ƙwayoyin 1,267 sun taru 16, su kuma 7. Sun yi daidai. Sai dai ka sani, gwajin nan ba ya kama wanda ya juya ƙwayoyi, ya rubuta 1,276 a maimakon 1,267, don haka in abin mai muhimmanci ne ka sake ninkawa.

Mataki na huɗu: ƙirga masu raba ta

Ba sai ka jera su ba. Ƙara ɗaya a kan kowane hawa, sannan ka ninka: 4 × 4 × 2 × 2, wato 64. Me ya sa ake ƙara ɗaya? Duk mai raba lambar, daga tubalanta ake gina shi. Daga 2 kana iya ɗaukar ɗaya, biyu, uku, ko ka ƙi ɗauka, zaɓi huɗu ke nan. Daga 5 ma huɗu. Bakwai kuwa ko ka ɗauka ko ka bari, haka ma 181.

Amfanin wannan a fili yake. A ce kuɗin ƙungiya ne, sefa 1,267,000, ana so a raba daidai wa daida. Mutum 14? Sha huɗu 2 ce sau 7, duka suna cikin layinmu, kowa zai samu 90,500. Mutum 35, wato 5 sau 7, kowa 36,200. Mutum 56, kowa 22,625. Mutum 12 fa? Ba zai yiwu ba, domin 12 tana buƙatar 3, mu kuma ba mu da ita. Mutum 16 ma a'a, domin tana son 2 mai hawa huɗu, tamu kuwa uku ta tsaya. Ka ga ba mu yi rabawa ko ɗaya ba kafin mu san amsa.

Yawan masu rabawa ba ya bin girman lamba. 1,081,080 ta gaza tamu, amma masu raba ta 256 ne, ninki huɗu, saboda an gina ta da ƙananan tubala iri-iri: 2 da 3 masu hawa uku-uku, da 5, 7, 11 da 13. Malaman rabon gado sun daɗe da sanin wannan hikimar. Suna mayar da asalin mas'ala zuwa 6 ko 12 ko 24 ne saboda lambobi ne masu yawan masu rabawa, ta yadda sumuni da sudusi, wato ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, za su fita daga 24 ba tare da an fasa ko ɗaya ba.

Mataki na biyar: kamila ce, mai yalwa, ko mai giɓi?

Wannan rabon tsoho ne, Girkawa sun yi shi, malaman Larabawa suka gada suka faɗaɗa. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kamila ce, kamar 6, wadda 1 da 2 da 3 suka haɗa, ko 28, wadda 1, 2, 4, 7 da 14 suka haɗa. In jimlar ta wuce, mai yalwa ce, kamar 12, wadda nata suka kai 16. In ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10, wadda nata suka tsaya a 8. Kamilai ba su da yawa ko kaɗan: bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128, daga nan sai an yi tsalle zuwa 33,550,336. Duk waɗanda aka gano cika ne, har yau ba a samu kamila mara ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba.

Tara lambobi 64 ɗaya bayan ɗaya wahala ce da ba dole ba. Yi wa kowane tubali nasa lissafin. Na 2: 1 da 2 da 4 da 8, 15. Na 5: 1 da 5 da 25 da 125, 156. Na 7: 1 da 7, 8. Na 181: 182. Sai ka ninka su: 15 sau 156 2,340 ne, 8 sau 182 1,456 ne, su biyun kuma sun ba da 3,407,040. Yanzu ne kalkuleta ta halatta. Cire lambar kanta, ka samu 2,140,040. Ya wuce 1,267,000 nesa, don haka mai yalwa ce.

Akwai gajerar hanya ga mai gaggawa. Duk lambar da ta zama ninkin kamila ko ninkin mai yalwa, ita ma mai yalwa ce. Tamu 28 ce sau 45,250, magana ta ƙare tun kafin a ɗauki bik.

Wannan jimlar ce kuma ke nuna lambobin da ake kira masoya. Masu raba 220 sun taru 284, masu raba 284 kuma sun taru 220. Sabit bin Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na tara, ya fitar da ƙa'idar samo irin waɗannan tagwayen. Duk lokacin da na nuna wa yara wannan, su da kansu suke ɗaukar takarda su tara 1, 2, 4, 71 da 142 don su gani da idonsu, kuma ina jin daɗin ganin fuskarsu in 220 ta fito.

Mataki na shida: siffarta

Murabba'i ita ce lambar da wata ta ninka kanta ta haifa, irin 49 ko 144. Alamarta a layin asali ita ce kowane hawa cika ne. Namu uku, uku, ɗaya, ɗaya ne, don haka ba murabba'i ba ce. Ta faɗa tsakanin 1,125 sau kanta, wato 1,265,625, da 1,126 sau kanta, wato 1,267,876. Da ido ma ana iya ganewa, domin murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, in kuma da sifiri ya ƙare to sifiran cika ne.

In kana son sanin ko za a iya jera ta kamar dalar gyaɗa, ɗaya a sama, biyu a ƙasa, uku a ƙasansu, har ta cika, ninka ta da 8 ka ƙara 1. In an samu murabba'i, to ta jeru. Tamu ta ba da 10,136,001, wadda ke tsakanin 10,131,489 da 10,137,856, wato 3,183 da 3,184 kowacce sau kanta. Ba ta jeru ba.

A harshen kwamfuta, inda sifiri da ɗaya kaɗai ake da su, ana samun siffarta ta hanyar rabawa da 2 a kai a kai, ana rubuta saura, sannan a karanta daga ƙasa zuwa sama. Tamu ta zama 100110101010100111000, ƙwaya 21. Sifiri ukun ƙarshe su ne hawa ukun nan na 2.

Mataki na bakwai: in lambar ta yi taurin kai

Gaskiya 1,267,000 mai sauƙin kai ce. Don haka na ce wa yaron ya ƙara mata ɗaya ya gwada 1,267,001. Mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, ƙwayoyinta sun taru 17. Dabarar 1,001 ta ba da 265, wadda 7 da 11 da 13 duk ba sa raba ta. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wannan ta asali ce." Na ce masa ya yi haƙuri, bai kai ko'ina ba tukuna. Iyakar gwajinsa 1,125 ce, kuma lambobin asali da ke ƙasa da ita 188 ne, shi kuwa shida kawai ya gwada.

Gaggawar nan ta kayar da manya. Ferma, masanin Faransa na ƙarni na sha bakwai, ya ɗauka 4,294,967,297 ta asali ce, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Oila ya nuna cewa 641 ce sau 6,700,417. Shi Oilan ne kuma ya tabbatar a 1772 cewa 2,147,483,647 ta asali ce da gaske.

Ga yadda za ka yi. Ka fara tanadar jerin lambobin asali: rubuta lambobi daga 2, ka bar 2 ka soke duk ninkinta, ka bar 3 ka soke nata, ka ci gaba da ta gaba da ba a soke ba, kamar mai tankaɗe gari. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta, kana rubuta saurar kowacce don kada ka maimaita. Da zarar ɗaya ta shiga, ka ajiye babbar lambar ka koma kan abin da ya fito, ka kuma sake lissafa iyakar gwaji, domin ta ragu.

Akwai inda wannan hanyar ke cin lokaci, wato in tubalan biyu ne manya kuma kusa da juna. Nan dabarar Ferma take aiki. Ɗauki 1,022,117. Nemi murabba'in da ke sama da ita kaɗan: 1,011 sau kanta 1,022,121 ne. Bambancin 4 ne, shi ma murabba'i, 2 sau 2. To ɗebe 2 daga 1,011, ka kuma ƙara mata 2: 1,009 da 1,013. Su ne tubalan. Da gwaji ɗaya-ɗaya ka bi, sai ka yi 168 a banza kafin na 169 ya kama. In bambancin bai zama murabba'i ba, ka matsa zuwa lamba ta gaba ka sake, amma in ka yi goma ko ashirin ba ka samu ba, koma kan jerinka. Wahalar tsaga lambobin da tubalansu manya biyu ne da ba kusa da juna ba, in sun kai ɗaruruwan ƙwayoyi, ita ce ginshiƙin tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fitar a 1977, wanda ake tsare bayanai da shi a intanet. 

Washegari yaron ya dawo tun kafin magariba, takardarsa cike da soke-soke. Da 17 saura 8, da 19 saura 5, da 23 kuwa ta rabu cif, 55,087. Ya koma kan 55,087 ya sake gwada 23, saura 2, da 29 saura 16, da 31 ta ba da 1,777. Iyakar gwajin 1,777 ita ce 42, ya bi har 41 babu wadda ta shiga. Ke nan 1,267,001 = 23 × 31 × 1,777. Masu raba ta takwas ne kacal, in an cire ta kanta sun taru 98,503, mai giɓi ce ƙwarai, alhali maƙwabciyarta da ta gaza ta da ɗaya tana da 64 kuma tana cikin yalwa. Babu tubali ko ɗaya da suka haɗa, kuma haka abin yake ga duk lambobi biyu da ke bin juna, domin duk abin da ya raba su biyun dole ya raba bambancinsu, wato 1.

Ya tambaye ni ta ɗaya gefen fa, 1,266,999. Na ce ya tara ƙwayoyinta. Ya ce 42. Na ce to ya san inda zai fara, na miƙa masa sabuwar takarda.